Kundin shirin zama likitar tiyatar yara, daga Daura

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau na fara karatu gadan-gadan, shi ya sa na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe. Na gama karatun likitanci, na yi shekarar horon farko a asibiti, na yi bautar ƙasa, yanzu ina aiki a wani asibiti a yankin Daura, ina ganin kowane irin mara lafiya. Inda nake son kaiwa shi ne tiyatar yara, tun daga jaririn da aka haifa yau har zuwa wanda ya kusa balaga.

Hanyar sananniya ce, sai dai tana da tsawo. Kwalejoji biyu ne ke ba da shaidar ƙwarewa a nan: Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, da Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979. Dukkansu hedikwatarsu tana Legas. Jarrabawar farko ita ce wadda muke kira firamare, ana tambaya a kan surar jikin ɗan Adam, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da yadda cuta ke ɓata su. Sai mutum ya ci ta asibitin koyarwa zai dube shi idan an buɗe ɗaukar masu neman ƙwarewa. Daga nan sai a zagaya da shi sassan tiyata, na ƙashi, na mafitsara, na gaggawa, na yara da sauransu, ya rubuta jarrabawar kashi na ɗaya. Bayan wannan ne ake tsayawa a kan tiyatar yara kaɗai, a yi bincike a rubuta kundi, a rubuta kashi na biyu. Idan komai ya tafi daidai, shekara shida ce ko sama da haka.

Na zaɓi in fara da firamaren kwalejin Afirka ta Yamma ta watan Afrilu. Mun zauna da maigidana mun yi lissafi, mun ware wani abu daga albashina na kowane wata, kuma kuɗin adashin da zan kwasa a wannan wata zai tafi ga rajista. Abin da na saya yau: fitila mai caji da sola, N14,000, data ta wata, N6,000, manyan littattafan rubutu biyu da biro masu launi, N3,200. Littattafan karatu wata 'yar ajinmu da ta riga ni ci ta aiko mini daga Zariya.

Asabar, 11 ga Janairu

Tsarin da na ɗauka: bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai karatu, da dare kuma tambayoyin shekarun baya. Ranar da nake kwanan asibiti ba na sa wa kaina komai.

Na fara da yadda hanji ke samuwa a cikin mahaifa. A mako na shida na ciki hanjin ɗan tayi yakan fito ta cibiya saboda wuri ya yi masa kaɗan, a mako na goma ya koma, yana juyawa digiri 270 a kewayen babbar jijiyar da ke ba shi jini. Idan juyin bai cika ba, hanjin zai iya murɗewa bayan haihuwa. Dalilin ke nan da ake cewa jaririn da ya yi amai kore a ɗauke shi a matsayin mai toshewar hanji har sai an tabbatar ba haka ba ne. Lokacin da muke makaranta haddace wannan na yi. Yanzu ina zana shi da hannuna, yana zama.

Alhamis, 16 ga Janairu

Shekaranjiya da yamma aka kawo mana jariri namiji daga wani ƙauye da ke bayan Mai'aduwa, kwanansa uku a duniya. Cikinsa ya kumbura yana sheƙi, ya daina kama nono, ya fara amai. Na buɗe zanin da aka naɗe shi na duba: babu dubura, fata ce a shafe. A gida aka haife shi. Kakarsa ta ce sun ga bai yi baƙin kashin nan na farko ba, suka ba shi jiƙo suna jira.

Na ce mata, "Iya, wa ya yi masa wankan farko?"

Ta ce, "Ni ce, Likita. Da dare ne, ga sanyi, sauri na yi na naɗe shi."

Ban ga laifinta ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa a duba wurin. Ana samun irin wannan a kusan jariri 1 cikin 5,000, kuma gano shi ba ya buƙatar na'ura, ido kawai yake so. Yawancin jarirai suna yin kashin farko cikin awa 24 da haihuwa. Wanda ya wuce awa 48 bai yi ba, dole a kai shi asibiti.

Abin da yaron yake buƙata shi ne a fitar masa da hanji ta gefen ciki, abin da muke kira kolostomi, ya riƙa bahaya ta nan har ya yi ƙwari a yi masa babban aikin. Babban likitanmu ya iya wannan aiki, amma ma'aikacinmu mai sa marasa lafiya barci lokacin tiyata ya ce ba shi da bututun numfashi daidai maƙogwaron jariri, kuma ba zai yi kasada da ran ɗan mutane ba. Gaskiyarsa. Sai muka shirya tura shi Kano. Na sa masa roba ta hanci zuwa ciki don rage kumburin, na samu jijiya a bayan hannunsa na ɗaura ruwa mai sukari, muka ba shi allurar kashe ƙwayoyin cuta da bitamin K.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne hanya da sanyin hunturu. Jariri yana zubar da ɗumin jikinsa da sauri, musamman ta kai, kuma wanda jikinsa ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau a wurin tiyata, sukarin jininsa ma yakan faɗi. Muka sa uwar ta kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, muka sa masa hula, muka lulluɓe su da bargo. Na roƙi direban ya rufe gilasai har su isa.

Uban yaron manomi ne. Kuɗin mai na motar asibiti ya fi abin da ke aljihunsa, sai da ma'aikatan da ke bakin aiki suka haɗa. Na ba da N5,000. Na kira wani abokin karatuna da ke can na sanar da shi suna tafe. Da safiyar yau ya aiko mini saƙo cewa an yi aikin, yaron yana raye.

Kwana biyu ban buɗe littafi ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na gama hanji, na shiga ƙoda da mafitsara. Na tambayi shugabar ungozomominmu ko za a ƙara layi ɗaya a takardar duba jariri: "An ga dubura?" Ta ce za ta sa a rubuta da biro kafin a buga sababbin takardu.

Talata, 21 ga Janairu

Rajista. Intanet ɗin wayata ya ƙi ɗaukar takardun, na tafi shagon kwamfuta a cikin gari, can ma sabis yana zuwa yana ɗaukewa. An cire kuɗin daga asusuna amma shafin bai nuna an biya ba, hankalina ya tashi, domin kuɗin adashin ne gaba ɗaya har da ciko daga maigidana. Sai bayan la'asar rasidin ya fito. Na buga kofe biyu, ɗaya a gida, ɗaya a jakata. Mai shago N2,500, hotuna N1,000. Allah ya sa na sabunta lasisin aikina tun a Disamba, takarduna a cike suke.

Asabar, 25 ga Janairu

Karatu kaɗai ba zai koya wa hannu ɗinki ba, shi ya sa na fara wani abu yau. Na aika aka sayo mini hanjin akuya daga mahauta, N1,500, na wanke shi, na kafe shi a kan katako da ƙananan ƙusoshi. Sistar ɗakin tiyata ta tara mini zaren ɗinkin da wa'adinsa ya wuce, da wani tsohon almakashi da mariƙin allura da aka daina amfani da su. Na yanke hanjin biyu ina haɗa shi, ɗinki ɗaya-ɗaya, sannan in ɗura ruwa da sirinji in ga ko zai yoyo.

Ya yoyo, ta gefen da kitsen jijiyoyi yake manne. Babban likitanmu ya leƙo ya gani, ya ce a jikin mutum ma nan ne wurin da ya fi yawan ɓallewa, saboda kitsen yana ɓoye bakin hanjin, sai mai ɗinki ya ɗauka ya kama alhali bai kama ba. Ya nuna mini in fara sa ɗinkin wannan kusurwa tun kafin sauran, lokacin da nake ganin wurin sosai. Kuma ya ce ƙarfin ɗinki yana cikin shimfiɗar da ke ƙarƙashin fatar cikin hanji. Allurar da ba ta ratsa ta ba, aikin banza ta yi.

Zan riƙa yi duk Asabar. Zaren da nake da shi mai kauri ne, na manya. Na jarirai siriri ne ƙwarai, a ƙarƙashin gilashin ƙara girma ake aiki da shi. Na tambayi kuɗin gilashin, na bar shi sai gaba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ruwa da gishirin jiki. Lissafin da aka saba da shi tun 1957 na ruwan da yaro ke buƙata a yini: mililita 100 ga kowane kilo na kilo goma na farko, 50 ga goma na biyu, 20 ga abin da ya haura. Jinin jariri kuwa kimanin mililita 80 ne ga kowane kilo. Wato jariri mai kilo biyu da rabi duk jinin jikinsa bai kai rabin ledar fiya-wata ba. Audugar da ta jiƙe da jini wadda ba za a kula da ita ba a aikin babba, a wurinsa asara ce mai girma.

Gwajin da na yi wa kaina: surar jiki 64 cikin 100, aikin gaɓoɓi 51. Na biyun yana buƙatar ƙarin lokaci.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mun rasa yarinya jiya da dare, 'yar wata bakwai. Ina so in rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla.

Ranar Alhamis ta fara kuka mai tsanani, tana naɗe ƙafafu, ta yi shiru na ɗan lokaci, kukan ya dawo. Aka ce haƙori ne. Ranar Juma'a ta fara amai, ta yi bahaya majina da jini. Aka je kemis, aka ce atuni ne, aka ba da maganin ruwa. Asabar da Lahadi ana ba ta magani, cikin yana ƙara tashi. Sai ranar Litinin da safe aka kawo ta, idanunta sun faɗa, jikinta zafi, ko kukan ma ba ta iya yi.

Hanji ne ya shige cikin hanji. Ƙarshen ƙaramin hanji yakan zurma cikin babba, jijiyoyinsa su matse, jini ya daina isa. An fi ganin sa a yara 'yan wata uku zuwa shekara biyu, wato daidai lokacin da haƙori ke fitowa, shi ya sa ake ɗora wa haƙori laifi. Abin da ke ci mini rai shi ne, idan an zo da wuri, sau da yawa ba a ma buƙatar wuƙa. Ana ɗura ruwan gishiri ta dubura ana kallo da na'urar sikanin, matsin ruwan ya mayar da hanjin wurinsa, washegari ko jibi yaro ya koma gida.

Halin da take ciki ba na tafiya Kano ko Katsina ba ne, ba za ta kai ba. Muka ɗaura mata ruwa, muka nemi jini. Na uban bai yi daidai ba, sai wani ɗalibin jinya ya bayar, Allah ya saka masa. Da azahar muka shiga, babban likitanmu yana aiki ina taimaka masa. Hanjin ya riga ya yi baƙi, ya mutu. Aka yanke wurin aka haɗa. Ina riƙe da bakin hanjin ina kallon ya fara da kusurwar nan da ya nuna mini a hanjin akuya.

Aikin ya yi kyau. Abin da ya biyo baya ne ba mu da ƙarfinsa. Ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga jininta, numfashinta yana sama-sama, tana buƙatar ɗakin kulawa ta musamman da na'urar taya numfashi, ba mu da ko ɗaya. Na'urar iskar oksijin ɗinmu da wuta take aiki. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto an ɗauki lokaci, tukunyar iskar da muke ajiye da ita kuma saura kaɗan. Ban ce da wuta ba ta ɗauke ba za ta rayu ba. Jikinta ya riga ya yi nisa. Amma ina tsaye a kanta ina matsa jakar numfashi da hannu, ana haska mini da fitilar waya, har ta cika.

Uwar yarinya ce ƙarama, haihuwarta ta fari. Ta ce mini, "Likita, da na kawo ta ran Juma'a fa?" Na ce mata, "Ƙanwata, kin yi abin da aka gaya miki. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ce." Amsar tambayar tata na san ta, ban faɗa mata ba.

Na rubuta wa shugaban asibiti takarda a kan tukunyar oksijin ta ajiya. Kuma na nemi a ba ni minti goma a ranar rigakafi in yi wa iyaye mata bayani a kan abubuwa uku: amai kore, bahaya mai jini tare da kukan da ke zuwa yana tafiya, da jaririn da bai yi kashin farko ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Karatu ya ƙi shiga. Na je gidan Inna na wuni. Ta ce in aikin zai riƙa hana ni barci haka, me ya sa ba zan nemi ɓangaren da ba a mutuwa ba. Na ce mata yaran za su ci gaba da zuwa ko na koya ko ban koya ba. Ta yi mini addu'a, ta ba ni fura na taho da ita.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na dawo daga Kano jiya. Abokin karatun nan nawa ne ya haɗa ni da ɗaya daga cikin manyan likitocin tiyatar yara na asibitin koyarwar da yake aiki, ya yarda in zo in kalli ayyukansu ranar Alhamis. Mota zuwa da dawowa ta Kazaure N9,000, Keke Napep da abinci N4,000, kwana a gidan gwaggona.

Abu na farko da na lura da shi zafin ɗakin. Sun kashe na'urar sanyaya ɗaki, kowa yana gumi, saboda jaririn da ke kan tebur. Ruwan wanke ciki ma sai an ɗumama shi.

Na ga aikin gwaiwar yara guda uku. A yaro ba a sa raga kamar yadda ake yi wa manya. Wata 'yar jaka ce da ta biyo ɗan maraina lokacin da yake saukowa daga ciki, ya kamata ta rufe ba ta rufe ba. Ana raba ta da jijiyoyin maraina a ɗaure ta daga sama, shi ke nan. Sai aiki na huɗu, wanda na zo dominsa: buɗe wa yaro ɗan wata takwas dubura. Ana kwantar da shi rub da ciki, a tsaga daidai tsakiyar ɗuwawu, a yi amfani da ɗan abin lantarki a gano inda tsokar riƙe bahaya take matsewa, a janyo hanjin a dasa shi a tsakiyarta. Likita Alberto Peña ne ya fito da wannan salo, aka wallafa shi a 1982. Idan aka kauce wa tsakiyar tsokar, yaro zai tashi ba ya iya riƙe bahaya, ya shiga makaranta da wannan larura. Ban taɓa ganin aikin da ake yi da natsuwa irin wannan ba.

Bayan an gama na ce, "Ranka ya daɗe, me zan fi mai da hankali a kai kafin in samu gurbi?"

Ya ce, "Dakta, ki ci firamare tukuna. Sannan ki ƙware wajen samun jijiyar jariri, ko a duhu. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta duk aikin da kika yi ko kika taimaka, mai aikin ya sa hannu a ranar. Kuma ki koyi zama da iyaye, domin yaron da kika yi wa wannan aikin naki ne har ya yi aure."

Ya ƙara da cewa duk inda zan nema, Kano, ko Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, in fara duba jerin kwalejin in ga wane mataki na horo aka amince wa wurin ya bayar. Zuciyata ta fi karkata ga Katsina don shekarun farko, saboda kusa da gida.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na mayar da karatu bayan sahur zuwa hantsi, tambayoyi kuma bayan tarawihi. Ɗinkin Asabar ya koma dare. Yau ruwan bai yoyo ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na nemi hutun mako biyu kafin jarrabawa, ba a ba ni ba. Ɗaya daga cikin likitocinmu ya ajiye aiki a ƙarshen Fabrairu, ya samu wuri a Saudiyya, ba a kawo madadinsa ba. Kwanan asibitin da yake yi an raba mana. Na fahimci uzurin shugabanmu, ba shi da wanda zai saka, amma abin ya dame ni, domin makonnin nan na ƙarshe na tanada don ilimin cututtuka, wanda ko rabinsa ban yi ba.

Abin da muka daidaita a kai: abokin aikina zai karɓi kwanakina na makon jarrabawa, ni kuma in riƙe masa ranar Sallah da washegari ya je Funtuwa wurin iyalinsa. Maigidana ya ce ba komai, shi zai kai yarinyarmu yawon Sallah.

Rukunin karatunmu na WhatsApp ma ya yi sanyi tun shigowar azumi. Mu biyu muka rage, ni da wata da ke aiki a Malumfashi. Kullum ƙarfe goma na dare muna yi wa juna tambayoyi ta waya.

Gwaji: surar jiki 72, aikin gaɓoɓi 63, ilimin cututtuka 48.

Litinin, 17 ga Maris

Yaron Mai'aduwa ya dawo, watansa biyu. Ya yi ƙiba, yana kallon mutane. Sai dai fatar da ke kewaye da kolostomin ta saluɓe, ta yi ja, tana tsatstsafar ruwa. Jakar da ake mannawa ba a samun ta jarirai a nan, ta manya ma kuɗinta ya fi ƙarfinsu, tsumma uwar take ɗaurawa. Bahaya yana kwana a kan fatar yana cin ta.

Na zauna da ita muka yi tare. A wanke da ruwan ɗumi kawai, a bar wurin ya sha iska ya bushe, a shafa man zinki da kauri a kewaye, a ɗora tsohon zani mai laushi da aka wanke aka shanya a rana, a canza da zarar ya ɓaci. Na saya mata man, N2,000. Na sa ta maimaita a gabana.

Daga baya ta yi ƙasa da murya ta ce dangin mijinta suna cewa yaron ba zai yi rai ba, kar a ƙara ɓarnar kuɗi a kansa, har an hana ta zuwa da shi biki. Na sa aka kira uban. Na ce, "Malam, ɗanka lafiyarsa ƙalau ban da wannan ƙofa guda. Saura aiki biyu: a buɗe masa dubura, bayan ta warke a rufe ta gefen cikin. Da idona na ga an yi wa wani a Kano watan jiya." Na zana masa a takarda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni nawa zai tanada. Na kira can aka ba mu ƙiyasi, ya ce zai sayar da tunkiya biyu bayan Sallah. Na rubuta ranar komawarsu a bayan katin rigakafin yaron, don shi ne takardar da ba ta ɓacewa a gidajenmu.

Talata, 25 ga Maris

Cikin karatu na ci karo da wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2021, wanda aka yi a asibitoci 264 na ƙasashe 74, a kan jariran da aka haifa da larurar hanji. Ɓangaren jariran da ake haifa hanjinsu a waje ta gefen cibiya ne ya tsaya mini. A ƙasashe masu arziki waɗanda ke mutuwa ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. A ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi kusan kashi 32 ne. A ƙasashe matalauta kashi 90. Cuta ɗaya ce, kuma yawancin waɗannan jarirai sauran jikinsu lafiya lau yake. Sanyi, da bushewar jiki, da ƙwayoyin cuta, da rashin abincin da ake ba wa ta jijiya ne ke kashe su.

Na rubuta matakan farko a kwali na manna a ɗakin haihuwa: a zura jaririn daga ƙafa zuwa hammata cikin leda mai tsabta, kar a naɗe hanjin da auduga ko tsumma, a kwantar da shi ta gefen dama, a sa roba ta hanci, a ɗaura ruwa, a ɗumama shi, a kira likita nan take. Ledojin na saya, N1,200, na ajiye a durowar ungozoma.

Bayanin ranar rigakafi ya fara. Tambayar da aka fi yi mini ita ce ta kaciya, sai na ƙara abu na huɗu: yaron da ƙofar fitsarinsa take ta ƙasan mazakuta kar a kai shi wurin wanzami, domin da fatar da za a yanke ake gyara masa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Sallah ta kama ranar Lahadi, a asibiti na yi ta. Daga nesa na riƙa jin bindigogin hawan Sarki. Yara biyu da babur ya buge, ɗaya da ya ƙone da ruwan zafi, sai wani ɗan shekara tara da taifot ta huda masa hanji, mako na uku da fara zazzaɓi. Babban likitanmu ya bar ni na ɗinke hudar da hannuna yana tsaye a kaina. Yau ya fara shan ruwa, cikinsa ya yi laushi. Na rubuta a littafin ayyuka, an sa mini hannu.

Gwajin jiya: surar jiki 76, aikin gaɓoɓi 68, ilimin cututtuka 61.

Abin da na kashe tun Janairu, ban da kuɗin rajista, ya kai wajen N75,000 idan aka haɗa da data ta sauran watanni da hanjin Asabar. Na ware N40,000 na mota da masauki na tafiyar jarrabawa.

Abin da ya rage kafin tafiya: ciwace-ciwacen daji na yara, musamman na ƙoda, da daskarewar jini, sai in sake bi ta jijiyoyin wuya da na hannu. Idan na dawo zan haɗa takardun neman gurbi, in karɓi wasiƙar shaida daga babban likitanmu. Tukunyar oksijin ta ajiya har yanzu ba ta iso ba, zan sake tuna wa shugaba ranar Litinin.